Faifan da aka ɗinka da reza

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan situdiyo a Zariya inda muke haɗa kiɗa da kwamfuta. Kawuna yana da wani tsohon faifan garmaho, bangonsa baƙi da hoton bakan gizo, kullum gori yake min wai duk na'urorinmu ba za mu iya irinsa ba. Me aka yi a cikinsa ne haka?

AMSA: Ƙanena, ka gaishe min da Kawu, ya san kaya. Faifan nan The Dark Side of the Moon ne na Pink Floyd, mawaƙan Ingila. A Maris 1973 ya fito, bayan sun shafe watanni suna shiga suna fita a situdiyon Abbey Road da ke Landan. Layin sauti 16 kacal na'urarsu take ɗauka, kai kuwa na san taka ba ta ma ƙirgawa.

Ka sa waƙar "Money" ka kasa kunne a farkonta. Ƙarar sulalla, yagar takarda, kacau-kacau ɗin injin kuɗi na kanti. Roger Waters, ɗaya daga cikin mawaƙan, shi ne ya fara harhaɗa su a gida. Zaren naɗar sauti aka yayyanka da reza gida bakwai, tsayinsu ɗaya, aka lilliƙe aka mayar da shi zobe. Tsabar tsawonsa sai da aka zagaya da shi jikin sandar makirfo kafin ya juya. Bugun bakwai-bakwai da waƙar take tafiya a kai ke nan. Hannu ya ɗan goce, an koma farko.

Agogunan da ke buɗe waƙar "Time" kuma, injiniyansu Alan Parsons ne ya je shagon tsofaffin agoguna ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya, daga baya aka daidaita su suka buga tare. Ranar da na fara ji da abin sawa a kunne, cikin dare, sai da na zabura na zauna.

Amma ban bai wa Kawu gaskiya duka ba. Abin da suka kwana suna yi da reza, kai minti biyar ya ishe ka. Inda suka fi mu, tun Janairun 1972 suke buga waƙoƙin a gaban jama'a, sai da suka nuna lugub kafin a rufe aikin. Mu yau a rubuta da safe, a saki da yamma.

Akwai kuma abin da ke min ciwo. Muryar macen nan da ke tsuma mutum a "The Great Gig in the Sky", ba kalma ko ɗaya sai kuwwa, ta Clare Torry ce. Fam 30 aka sallame ta da shi. Faifan ya yi sama da mako 700 a jerin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, ita kuwa sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka sa sunanta cikin mawallafan waƙar.