Amsa ga mai neman lensin nesa mai sauƙin kuɗi don bikin Argungu da hawan Sallah

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana da kyamarar Canon 700D da ɗan lensin da ta zo da shi, 18-55mm, kana son wanda zai jawo maka nesa a bikin kamun kifi na Argungu da hawan Sallah a Birnin Kebbi, kuma an yi maka tayin 75-300mm da araha. Ni dai shawarata, ka daure ka ƙara tara kuɗi ka sayi EF-S 55-250mm IS STM, ko da na hannu ne.

Na san abin da ke jan hankalinka: 300 ta fi 250, ga shi kuma ya fi arha. To amma na yi aiki da su duka biyun. Shi 75-300 ba shi da abin da ke danne rawar hannu, wanda Canon ke rubutawa IS a jikin lensi. In ka jawo shi har ƙarshe, hoton yakan fito dishi-dishi, kuma gefen farin rawani ko babbar riga a cikin rana sai ka ga wani shuɗi-shuɗi mai kama da shuni ya zagaye shi. A kan gilashin kyamara ba za ka lura ba, sai ka buɗe a kwamfuta ranka ya ɓaci. Shi kuwa 55-250, wanda ya fito a 2013, hotonsa garau yake har 250, STM, wato injin fokas ɗinsa, ba ya yin ƙara, ba shi da nauyi. Kuma kyamararka tana ninka tsawon lensi sau 1.6, wato 250 ɗin nan daidai yake da 400 a babbar kyamara irin 5D. Wannan ya ishe ka daga bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin. Abu guda: in wata rana ka koma 5D ko 6D, lensin EF-S ba zai hau kansu ba.

Waɗanda ake tallatawa a intanet masu 420-800mm, dogaye kamar kakaki, kada ma ka kalle su. Da hannu ake yi musu fokas, haske kaɗan suke sha, kafin ka saita masunci ya nutse.

Yanzu batun aiki da shi, don nan ne mutane ke zagin lensi alhali ba laifinsa ba ne. IS rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da abin da ke gudu. Doki a sukuwa, ko lokacin da aka ba da alama dubban masunta suka ruga ruwa da homa da gora, kana buƙatar saurin ƙiftawa na 1/1000 na daƙiƙa. Ka sa kyamara a Tv, inda kai ke zaɓar saurin ƙiftawa, ka saki ISO, wato ƙarfin kama haske, ya hau har 800 ko 1600 in ta kama, ko da zai sa hoto ɗan yashi-yashi. Hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya goge. Fokas ka mai da shi AI Servo, mai bin abin da ke motsi, ka zaɓi ɗigon tsakiya, ka bi mutum ɗaya. In ka bar wa kyamara ta zaɓa a cikin wannan cincirindo, gorar da ta fi kusa da kai za ta kama. In kuma rana ta buɗe sosai, ka ɗan tsuke ƙofar hasken lensi, f/8 ya fi f/5.6 kaifi a kusan duk lensunan nan masu sauƙin kuɗi.

Babban abokin gaba a nan ƙasarmu hazo ne. Bikin Argungu yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, iska cike da ƙura, ga ƙafafun jama'a na tayar da wata. Lensin nesa yana tattara duk ƙurar da ke tsakaninka da mutum ya zuba cikin hoto, sai launi ya koɗe. Da tsakar rana kuma zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa hoto ya yi rawa, ko lensin miliyoyi ne ba ya tsira. Maganin kawai ka matsa kusa, ka sammaka ka kama wuri, rana ta kasance a bayanka. Mafi kyawun hotunan da na samu a wajen 135 zuwa 200 na ɗauke su, na fuskokin masunta suna fitowa da giwan ruwa a kafaɗa, ba waɗanda na jawo daga tsallaken kogi ba. Da magariba ko cikin zauren biki kada ka sa rai da 55-250 ɗin, f/5.6 ba ya son duhu.

'Yan Nikon da ke cikin zauren nan, ku kula: AF-P 70-300mm akwai mai VR, wato IS ɗin Nikon, akwai marar shi, kamanninsu ɗaya, ku karanta jikinsa. Kuma ba ya aiki da tsofaffi irin D3100 da D5100. Su 55-200 VR ko 55-300 VR za ku nema.

In na hannu za ka saya, ka tafi da kyamararka, kada a aiko maka a mota daga Kano ko Legas ba ka gwada ba. Ka cire murafan biyu, ka haska tocilan waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma in ka ga zare-zare kamar saƙa a jikin gilashi, funfuna ce, ka mayar. Ka jawo shi 250 ka danna maɓalli rabi, hoton ya kamata ya natsu a idonka, alamar IS na aiki. Ka duba sunan sosai, domin akwai tsofaffin 55-250 guda biyu marasa STM, ba laifi gare su amma bai kamata a sayar maka da su kuɗin mai STM ba. Ka haɗa da hular lensi da ɗan famfon hura ƙura, kuma a filin biki kada ka canza lensi a sarari, ka shiga mota ka rufe gilashi tukuna.