Amsoshin Wasiƙunku: Ina Zan Kai Yaro Ya Karanta Kimiyyar Siyasa?

Tun da JAMB ta saki sakamako, wasiƙu ke ta shigowa a kan abu ɗaya: yaro ko yarinya na son kimiyyar siyasa ko ɗaya daga cikin 'yan uwanta, iyaye kuma sun rasa inda za su dosa. Ga waɗanda na zaɓa na wannan mako.

"Malam, 'yata ta ci 204 a JAMB, tana son kimiyyar siyasa. Ta sa Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) a zaɓin farko saboda duk ƙawayenta can suka sa. Mahaifinta ya rasu, ni nake ɗawainiya da ita da ɗan albashin koyarwa. Wasu na ce min mu canza zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Wallahi ko barci ba na iya yi." Wata uwa daga Haɗeja

Malama, Allah ya jiƙan mahaifinta, ya saka miki da alheri a kan riƙon marainiya. Ki kwantar da hankalinki, 204 ba maki ne na jin kunya ba, kuma 'yarki ba ta yi mummunan zaɓi ba. BUK tana da tarihi a wannan fanni. A can Farfesa Attahiru Jega ya koyar da kimiyyar siyasa, ya shugabanci jami'ar daga 2005 zuwa 2010, kafin ya riƙe hukumar zaɓe har 2015. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, shi ma a ƙarƙashinta yake, cibiya ce ta nazarin dimokuraɗiyya. Ɗalibar da ke son karatu za ta samu abin ji da gani a Kano.

Matsalar ita ce cunkoso. Tsarin gwamnati ya ce kashi 60 na gurabe a ba kimiyya, 40 ga sauran fannoni, ga shi kuma duk wanda ya nemi karatun lauya bai samu ba, kimiyyar siyasa yake gangarowa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku: kashi 45 ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. A Dutse, wadda aka buɗe a 2011, 'yar Jigawa a gida take, kuma masu rububin ba su kai na Kano ba.

Kada ki ji tsoron cewa karatun zai gaza. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja a 2022, kashi 70 na darussan kowane kos iri ɗaya ne a duk jami'o'in ƙasar nan, sauran 30 ne kowace jami'a ke tsara nata. Abin da zai fi taɓa ki shi ne aljihu. Ba kuɗin rajista ne ke karya iyaye ba, a'a, haya ce idan ba a samu ɗakin kwanan ɗalibai ba, da abinci, da kuɗin mota, da data. Ki tambayi duk wanda ya kama wa 'yarsa ɗaki a unguwannin kusa da BUK, irin su Danbare ko Rijiyar Zaki, zai ba ki labari.

Ki sa a tambayo miki a sashen, ba a bakin ƙawaye ba, makin da aka tsaya a kai bara. In ya ɗara nata sosai, ku je cibiyar JAMB a canza, domin manyan jami'o'i ba su cika waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba. Ku tabbatar an ɗora sakamakonta na WAEC ko NECO a shafin JAMB, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi da Gwamnati ko Tarihi. Idan ta shiga, ta nemi bashin NELFUND, asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya: ba ruwa a kai, suna biyan makaranta kai tsaye, suna ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Da 'yata ce, a halin da kike ciki, Dutse zan mayar da ita.

"Wace jami'a ce ta fi fitar da gwamnoni da sanatoci? So nake ɗana ya zama babban ɗan siyasa." Wani Alhaji daga Kaduna

Alhaji, babu jami'ar da ke raba kujera. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kimiyyar sinadarai ya karanta a ABU. Kwankwaso injiniyan ruwa ne. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne. Tsarin mulkin 1999 ma matakin sakandare kawai ya nema ga mai takarar gwamna ko shugaban ƙasa. Kimiyyar siyasa karatu ne na littattafai masu kauri, da dabarun bincike, da ƙididdiga, da rubutu ba ƙaƙƙautawa. Ka tambayi yaron ko yana son wannan, tun da a wasiƙarka ban ga inda ka ce shi ya ce ba.

"Ɗana sau biyu yana JAMB bai samu gurbi ba. Wani ya ce zai samo masa jami'a a Kwatano ta ƙasar Benin, ya gama digirin hulɗar ƙasa da ƙasa cikin shekara ɗaya da rabi, ba sai ya zauna can ba. Wani kuma ya ce in ba shi dubu ɗari uku ya sa sunansa a jami'ar tarayya. Wanne ya fi?" Wani mahaifi daga Gusau

Malam, babu wanda ya fi, duk biyun rami ne. Kuma ka yi haƙuri zan daɗe a kan wasiƙarka, domin wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya shekara da shekaru.

A ƙarshen Disambar 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sayi digirin aikin jarida daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da takardar. Cikin 'yan kwanaki, a farkon Janairun 2024, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, ya ce jami'o'i 5 kawai aka amince da su a Benin, 3 a Togo, kuma za a zaƙulo masu aiki da irin waɗannan takardu. Duk wannan an yi shi a rediyo, an yi a jarida, amma har yau dillalan nan suna samun kasuwa, saboda mu iyaye mun fi son jin "ya gama" a kan jin "ya iya".

Ka yi tunani da kanka. Benin ƙasa ce da ake karatu da Faransanci. Yaron da bai san ko gaisuwa da Faransanci ba, bai tsallaka iyaka ba, ta yaya zai gama karatun shekara huɗu cikin wata goma sha takwas? Ba kowace jami'ar waje ce ta bogi ba. Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai jami'a ce ta gaske, kuma mai zuwa can sai ya koyi harshen, ya zauna a aji, ya ci jarrabawa. Amma duk digirin da aka kawo daga waje sai ya bi ta Ma'aikatar Ilimi a Abuja an tantance shi kafin a ba yaro damar bautar ƙasa, kuma a nan asirin da yawa yake tonuwa.

Na ga irin wannan da idona. Wani maƙwabcina ya sayar da shanu biyu da wani ɓangare na gonarsa. Ranar da takardar ta iso, ya zo da ita ƙofar gidana a cikin leda, da wani jan hatimi mai ƙyalli a ƙasanta, yana riƙe da ita da hannu biyu kamar jariri. An yi walima, an yanka rago. Bayan wata takwas na tarar da yaron a bakin shagon caji, takardar tana cikin jakar ƙarƙashin benci, gefenta ya fara naɗewa. An ƙi karɓarta, dillalin ya kashe waya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaron nan mai kai ne, da an yi haƙuri da yanzu yana aji uku a jami'ar gaske. Mahaifin kuwa har yau ba ya son a ɗauko zancen.

Shi kuma mai dubu ɗari uku, ka gaya masa ya nemi wani. Tun 2017 duk gurbin da aka bayar bisa ƙa'ida ta shafin CAPS na JAMB yake bi. Jami'a ce ke miƙa suna, JAMB ta amince, yaro ya shiga shafinsa ya danna ya karɓa, sannan ya buga takardar shaidar gurbi. In ba ka ga sunan ɗanka a nan ba, to ba shi da gurbi, ko da an ba shi lambar rajista, ko da yana shiga aji. Sai ya gama shekara huɗu, a zo tura suna bautar ƙasa, a ce ba ya cikin jerin JAMB. Wasu dillalan ma ba abin da suke yi: su karɓi kuɗin mutum goma, wanda Allah ya sa makinsa ya kai su ce aikinsu ne, sauran su ce "Oga ya yi tafiya, sai zagaye na biyu."

Haka nan a kiyayi "jami'ar" da ake yi Asabar da Lahadi a ajin firamare, da allo a bakin titi ɗauke da sunan wata babbar makaranta. NUC tana da jerin jami'o'in da ta amince da su, tana kuma fitar da jerin haramtattu. Kuma amincewa da jami'a daban, amincewa da kos daban. Jami'a tana iya zama halastacciya amma sashen da ɗanka zai shiga bai samu izini ba. Minti goma a waya ya isa a duba. Mutumin da zai ƙwanƙwasa buhun shinkafa ya shinshina kafin ya biya, shi ne zai miƙa kuɗin gona ga wanda ya haɗu da shi a WhatsApp! Sannan ku daina bar wa yaron shagon intanet lambar sirrin shafin yaranku. Akwai waɗanda aka danna musu karɓar kos ɗin da ba su so, kuma da zarar an karɓa, sauran ƙofofin sun rufe a wannan shekara.

Mafita tana nan. Ya yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a da ABU ke kula da shi, a makarantar da aka sani. Karatun shekara guda ne, in ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ko ya sake JAMB ya sa Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke ƙofar gidanku a zaɓin farko. Shekarunsa nawa? In bai wuce ashirin ba, ba abin da ya makara a kai.

"Tsakanin kimiyyar siyasa, nazarin zamantakewa da harkar gudanarwa, wanne ya fi saurin kawo aiki? ABU nake so." Wani ɗalibi daga Funtuwa

Ɗana, babu ɗaya a cikinsu da ke zuwa da takardar ɗaukar aiki, gara ka ji wannan tun yanzu. Masu ɗaukar ma'aikata, ko gwamnati ko banki ko ƙungiyoyin agaji, kusan kallo ɗaya suke yi wa ukun. Abin da ke raba su shi ne darajar digirin, da iya rubuta rahoto mai tsafta, da iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta. In kana son aiki da jama'a a ƙauye da sansanin 'yan gudun hijira, nazarin zamantakewa ya fi kusa. Ka sani kuma a ABU kimiyyar siyasa a harabar Samaru take, harkar gudanarwa da ta ƙananan hukumomi a harabar Kongo, don haka ka san inda za ka nemi ɗaki. Tattalin arziki kuwa kada ka matsa kusa da shi in Lissafinka bai zauna ba.

"Ina tsoron yajin aiki. Ina tunanin sayar da filina in kai 'yata jami'ar kuɗi ta karanta kimiyyar siyasa." Wani ma'aikaci daga Katsina

Tsoronka yana kan hanya, Malam. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin wata tara, a 2022 ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma yara da yawa sun yi asarar shekara. Jami'o'in kuɗi ba sa shiga wannan yaji, shi ne babban abin da kake saye.

Amma ka ɗauki biro ka rubuta kuɗin shekara huɗu, ba na shekarar farko ba, ka ƙara wani abu a kai domin kuɗin makaranta hawa yake yi. In kuɗin filin shekara biyu kawai zai biya, kada ka fara, domin ba abin da ya kai cire yarinya a aji uku ciwo, kuma bashin NELFUND bai shafi jami'o'in kuɗi ba. Ka je da ƙafarka ka ga sashen, ka tambayi malamai nawa ne nasu na dindindin, nawa ne masu zuwa daga wata jami'a sau ɗaya a mako. Ka leƙa ɗakin karatu ka ga ko akwai littattafai a kan kantocin.

A Katsina kana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a bakin gari, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma. Ta gwada waɗannan tukuna, ta riƙa zuwa daga gida in ta samu ta Katsina. Filin ka bar shi a inda yake, ƙannenta suna tafe.