Amsa: Me zan ci a Galway?

Malam, ka tambayi abin da Musulmi zai ci a Galway, birnin da ke gaɓar yammacin Ireland. Kifi ne mafita, amma ka bi a hankali.

Fara da chowder, miyar kifi mai kauri da madara da dankalin Turawa, ana kawo ta da burodin alkama mai ruwan ƙasa da man shanu. Sai dai wasu masu girki kan zuba mata naman alade ko farar giya, don haka ka tambaya kafin ka saya. Haka soyayyen kifi da dankali: sau da yawa ƙullun da ake tsoma kifin da giya ake kwaɓa shi. Ka ce a gasa maka kifin kawai.

Karin kumallon otal kuwa, ka bar black pudding, da jinin alade ake yawan yin sa. Irish coffee ma akwai wiski a ciki, shayi da madara ya fi maka.

Ranar Asabar ka leƙa kasuwar gefen cocin St Nicholas da safe, akwai cuku da kyafaffen kifin salmon. Da dare kada ka wuce ƙarfe 9 ba ka nemi abinci ba, domin a lokacin gidajen abinci da yawa sun rufe kicin.