Amsa ga uwar da aka kwantar da jaririnta, aka ce bairos ne

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce ɗanki mai wata huɗu yana kwance da tari da sarƙewar numfashi, likita ya sa masa oksijin kawai, bai rubuta antibayotik ba, har surukarki na cewa a sayo a kemis. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma ina roƙonki kada ki saya.

Abin da likitan ya gaya miki, cewa ƙwayar cutar bairos ce ta kama yaron ba ta bakteriya ba, yana da tushe. An yi wani babban bincike mai suna PERCH a ƙasashe bakwai, har da Mali da Gambiya da Kenya, a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar da nimoniya mai tsanani ta kwantar a asibiti. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna bairos ne ya jawo kusan kashi 61 cikin ɗari, bakteriya kashi 27. Wani bairos da ake kira RSV shi kaɗai ya kai kashi 31. Shi wannan, a babba galibi mura ce kawai, amma a jariri yakan kumbura ƙananan hanyoyin iska na huhu, majina ta toshe su. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Oksijin ɗin nan da kike ganin kamar ba magani ba ne, shi ne ke riƙe yaron har jikinsa ya ci ƙarfin cutar, shi da nono. In ya kasa kamawa, ki tatsa a ba shi ta robar hanci, kada ki ji tsoronta.

Ciwon yakan fi tsananta tsakanin kwana na uku da na biyar, don haka ki sa ido sosai. In awazunsa na lotsawa sosai, ko yana gurnani, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya ƙi farkawa, ki kira nas nan take, ko da tsakar dare ne. Haka in zazzaɓi ya ƙaru, domin bakteriya kan biyo baya, a nan likita da kansa zai sa antibayotik.

Wani abu da ke damuna: 'yan dubiya. Kowa ya zo sai ya ɗauki yaro ya sumbace shi, alhali ta hannu da atishawa cutar ke yawo. Ki ce su wanke hannu, mai mura ya dakata. Idan an sallame ku, ki nisanta shi da hayaƙin murhu da turaren wuta, kuma tarin na iya kaiwa mako uku kafin ya rabu da shi.