Malam ina shayarwa kuma ina son shiga gudun yada-ƙanin-wani na Legas, ya halatta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matar aure ce a Kaduna, yarana uku, ina koyarwa a wata firamare kuma ina ɗan saida atamfa ta waya. Bayan haihuwata ta biyu likita yace jinina yana hawa in dinga motsa jiki, toh daga tafiya na koma sassarfa, yanzu ina yin kilomita 12 ban tsaya ba, ni da ƙawayena biyu muke zuwa Murtala Square bayan asuba da dogon hijabi da wando mai faɗi. Burina in shiga gudun nan na Legas da ake yi a watan Fabrairu, cikakken kilomita 42, wallahi ba don kuɗi ba, so nake in ga na gama abu ɗaya da yake nawa ni kaɗai. Maigida ya yarda har yace shi zai kai ni. Sai wata a gurup ɗin islamiyyarmu ta turo odiyon wani malami yana cewa gudu haramun ne ga mace ko a ina ne, hankalina ya tashi. Auta watanta 7, tunda na ƙara nisan gudu ruwan nono ya ragu kuma taƙi fida sam, so nake in yaye ta nan da wata ɗaya in samu in maida hankali. Meye hukunci Malam?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, odiyon ne ya hana ki barci, ni kuma layin ƙarshe na saƙonki ne ya tsaya min, wanda kika rubuta kamar ba komai ba. Amma bari in fara sauke miki nauyin odiyon.

Maganar cewa gudu a karan kansa haramun ne ga mace ba ta da ƙafa. Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) a wata tafiya ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, yana dariya yace wannan a madadin waccan, Abu Dawud da Imamu Ahmad sun ruwaito. Masu haramtawa sukan ce ai yarinya ce a lokacin, toh na biyun fa, ita da bakinta tace sai da ta yi ƙiba har ta ma manta da na farkon, kuma shi ne ya neme ta da tseren ba ita ba. Sai su koma ayar "ku tabbata a gidajenku", alhali matan Annabi ayar ta fara yi wa magana, ita mai tseren tana cikinsu, kuma a Bukhari da Nana Sauda ta kai ƙara an ce musu an yi muku izini ku fita don buƙatunku. Matar da likita yace jininta na hawa ta motsa jiki, in wannan ba buƙata ba ce toh me ce buƙata. Hujjarsu da ta fi kama da hujja ita ce ta Safa da Marwa, wai tunda an ɗauke wa mata sassarfa tsakanin korayen fitilun nan ashe gudu ba na mace ba ne. Malamai sun faɗi dalili ƙarara, sutura ce a cikin cunkoson maza, kuma abin mamaki gudun da mazan suke yi a wurin na mace ne, Nana Hajara ce ta yi shi tana nema wa jaririnta ruwa. Batun kamanceceniya da maza kuwa, ana faɗinsa ne a abin da ya keɓanta da maza, ban san ranar da aka raba wa maza gudu aka bar wa mata zama ba, 'yar Fulanin da ke taho da ƙwaryar nono tun daga ruga har cikin gari a ƙafa babu wanda yace ta zama namiji. Kar ki zagi malamin, wataƙila hotunan masu gudu da gajeren wando ya gani kishi ya kama shi, amma kishi daban hukunci daban. Atisayenku na Murtala Square da shigar da kika siffanta, da izinin miji, ku uku tare, halal ne, ki ci gaba.

Yanzu auta.

Ke kika ce watanta 7, ke kika ce taƙi fida, ke kika ce nono ya ragu, sannan maganin da kika samo shi ne ki cire ta. A nan hukuncin ya juya. A mazhabarmu ta Malikiyya shayarwa wajibi ce a kan matar da ke cikin igiyar aure, yana nan a Risala da kuke karantawa a islamiyya, an togace wacce irinta ba sa shayarwa ne kawai, kuma ita ma in jaririn yaƙi karɓar wani nono sai ya dawo wuyanta. Yarinyar da taƙi fida kenan. Ayar Baƙara ta 233 ta halatta yaye kafin shekara biyu amma da yardar uwa da uba da shawara tsakaninsu, shawarar kuma a kan maslahar yaron ake yinta. Kince maigida ya yarda da gudun, ban ji kince ya yarda da yayen ba, kin ma gaya masa kuwa? Ko da ya yarda, haƙƙin na yarinyar ne, ku biyu ba za ku yafe shi a madadinta ba in zai cutar da ita. Ɗan wata 7 ko 8 ko yana lasar kunu da dankalin da aka dama masa, nono ne abincinsa na gaske har ya doshi shekara, wannan ko a wurin awo za su gaya miki. Saboda haka yaye ta yanzu don tsere bai halatta ba matuƙar ba ta karɓar wata madarar da za ta riƙe ta. A shafa maɗaci a kai ta gidan kaka ta kwana uku tana tsala kuka don uwa ta je Legas gudu, wannan ba zan sa miki hannu ba.

Kuma ina zargin ba gudun ne ya ƙafar da nonon ba, yunwa ce da gajiya. Na san irinku, ki tashi ƙarfe huɗu ki ɗora abin kari, ki yi sallah ki fita, ki dawo da zufa ki yi wa yara wanka, ki kurɓi ruwan shayi a tsaye ki tafi makaranta, sai azahar abinci zai shiga cikinki, dare kuma kina kan waya da masu tambayar kuɗin atamfa. Mai goyo ko tana zaune cinta ya fi na kowa, balle mai zuba kilomita 12. Wannan fannin likita ne ba nawa ba, ki koma wurin wanda ya gano hawan jinin ki gaya masa nisan da kike yi da wanda kike son yi, don shi motsa jiki yace miki, bai ce kilomita 42 da ɗoriya cikin zafi da gumin Legas ba, sabon shiga kan kwashe awa biyar ko shida a kan titi. Ki ci ki sha, ki ba ta nono kafin ki fita da kina dawowa, ki rage nisan zuwa inda nonon yake wadata. In ya dawo, ba ki da laifi ki ci gaba da shiri kina shayarwa.

Ita ranar tseren ma dabam take da safiyarku ta Kaduna. A ruwayar Ahmad, kafin su yi tseren sai da Annabi (SAW) yace wa sahabbai su yi gaba, sau biyun duka. Legas kuwa dubban mutane ne ake tasowa tare, maza da mata kafaɗa da kafaɗa a wurin tashi, ga kyamarori, ga hijabin da gumi da ruwan da ake watsawa za su manne shi a jiki. In za ki iya tsare suturarki daga farko har ƙarshe, kayan masu kauri ne ba sa lafewa, ki tsaya baya ki bar turmutsutsun ya wuce, mijinki na tare da ke a tafiyar, ba zan iya cewa haramun ba, amma ban so miki ba, kuma in ɗaya ya faɗi a cikin waɗannan toh ki haƙura. Akwai na mata da ake yi a Legas ɗin, Lagos Women Run, kilomita 10 ne, shi ya fi kusa da abin da zan ce ki je. Lambar da ake rataya wa duk wanda ya gama ba komai, kuɗin rijista ma ba komai in ba daga ciki ake haɗa kyautar masu nasara ba, in daga ciki ne ya zama caca. Asuba a kan lokacinta kafin a tashi, wannan ba sai na faɗa ba. In akwai ramuwar azumi a kanki ta ciki ko ta jego ki lissafa ta kafin ki cika satinki da jadawalin gudu.

Maganarki ta cewa kina son abu ɗaya da yake naki ke kaɗai na ji ta, kuma ba son zuciya ba ne, jikinki yana da haƙƙi a kanki kamar yadda yara suke da shi. Ki zaunar da maigida ki ce taimakon da kike so ba kuɗin mota zuwa Legas kaɗai ba ne, ya riƙe manyan biyu safiyar Asabar, ya ɗauke miki kai su makaranta ko sau biyu a sati. Tun 2016 ake gudun nan, na wannan Fabrairun ki bar shi ya wuce, na gaba auta ta kusa shekara biyu tana cin tuwo da hannunta, ke ma kin samu wata goma sha shida ki gina jiki a hankali maimakon wata huɗu a guje. Ki je wurin likitan satin nan, abin da ya ce game da jinin da nauyin yarinyar ki turo min in gani.

Wallahu a'alam.