Wasim Akram ko Sachin Tendulkar: wa ya fi?

Malam, ka tambaya daga Yamai wa ya fi a kurket (wasan jifan ƙwallo da bugun ta da sanda) na yini guda, Wasim Akram mai jifa da sauri na Pakistan ko Sachin Tendulkar mai bugu na Indiya. Doka ta ƙayyade wa mai jifa jifa 60 cikin 300 da ƙungiyarsa za ta yi, alhali mai bugu yana iya tsayawa har ƙarshe muddin ba a fitar da shi ba. Saboda haka kuskure ne a auna maki 18,426 na Tendulkar da masu bugu 502 da Akram ya fitar, gara a gwada kowanne da takwarorinsa na zamaninsa. Ni dai na fi karkata ga Akram, domin a lokacin da yake wasa yakan lanƙwasa ƙwallo a iska ta kowane ɓangare. Sirrin riƙon ƙwallon kuwa, sai ƙwararren mai horarwa ya nuna maka.