Tambaya da Amsa: Yaya Zan Sake Ƙera Tsohuwar Motar Feda ta Yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne, kuma na ga hoton wata tsohuwar motar wasan yara ta Birtaniya mai suna Austin J40, wadda yaro ke shiga ya tuƙa ta da feda. Ina so in ƙera wa jikana irinta. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Motar da ta burge ka tana da tarihi mai daraja. Kamfanin Austin ne ya ƙera ta a garin Bargoed da ke kudancin Wales, a wata masana'anta da aka buɗe a 1949 domin tsofaffin masu haƙar kwal waɗanda ƙurar ma'adinin ta lalata musu huhu, kuma da ragowar fallayen ƙarfe na masana'antar motocin Austin ta Longbridge suke aikin. Kafin a daina ƙera ta a 1971 an yi guda 32,098. An kwaikwayi siffar motar Austin A40 Devon ne, har da fitilu masu kamawa da bonet mai buɗewa.

Shawarata ita ce kada ka fara da bodi, duk da cewa shi ne ya ja hankalinka. Ka fara da auna yaron yana zaune, daga bayansa zuwa tafin ƙafarsa, sannan ka yi firam ɗin bisa wannan awo, ka bar wurin da za a iya matsar da feda baya ko gaba, domin yaro ba ya jiran mota wajen girma.

Inda aikin yake shi ne tayoyin baya. Irin waɗannan motoci ba sa amfani da kaca kamar keke. Fedojin biyu suna lilo ne gaba da baya, kowanne haɗe da dogon sandan ƙarfe da ya tafi zuwa ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, wanda aka lanƙwasa a wuri biyu masu fuskantar sassa daban-daban, ta yadda idan ƙafa ɗaya ta tura, ɗayar za ta dawo. Idan lanƙwasar ta yi zurfi, ƙafar yaro ba za ta kai ba. Idan ta yi kaɗan, turawar za ta yi masa nauyi har ya gaji ya bar motar. Haka kuma, taya ɗaya kawai za ka ɗaure da wannan ƙarfe, ka bar ɗayar tana juyawa da kanta a kan boris, domin a kwana tayar waje tana cin tazara fiye da ta ciki, kuma idan ka ɗaure su duka motar za ta riƙa tirjewa. Ka gwada firam ɗin da yaron a kai kafin ka yanki ko falle ɗaya.

Bodin kuwa, ka fitar da siffarsa da kwali tukuna, sannan ka nemi taimakon mai gyaran jikin mota wajen lanƙwasa gaba da murfin tayoyi. Motar ta asali ta kai kusan kilo 43, kuma a ganina wannan ya yi nauyi ga yaron da zai tuƙa a tsakar gida mai yashi, saboda haka ka zaɓi ƙarfe mara kauri, ka naɗe duk bakinsa ciki don kada ya yanki hannu.

Abu na ƙarshe da ba na so ka yi sakaci da shi shi ne fenti. Tsofaffin fentuna da yawa suna ɗauke da dalma, kuma ba mu manta da abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba. Idan ka samo tsohon ƙarfe mai fenti, kada ka goge shi da samfefa a inda yara suke wasa, kuma sabon fentin da za ka saya ka tabbatar an rubuta a jikin gwangwanin cewa babu dalma a cikinsa.